Farin abu kamar auduga a jikin alobera da kariya: sifirit, man darbejiya ko Confidor?

Magunguna uku ne suka fi yawo a hannun masu ajiye alobera, kariya, kaktus da sauran tsirrai masu kaurin ganye da ke tara ruwa a jikinsu, duk lokacin da wani farin abu mai kama da auduga ya ɓullo a gindin ganye. Akwai sifirit ɗin kemis wanda ake goge wurin allura da shi. Akwai man darbejiya da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe. Sai Confidor na kamfanin Bayer da sauran magungunan gona masu sinadarin da ake rubutawa imidacloprid a jikin kwalba.

Hukuncinmu a kansu shi ne: sifirit ya kamata a fara saya, kuma a yawancin lokuta shi kaɗai ya isa, in dai an yi haƙurin maimaitawa. Man darbejiya yana da amfani, amma an fi yabonsa fiye da aikinsa a kan irin waɗannan tsirrai, kuma akwai waɗanda yake lalata wa kyau har abada. Confidor ya fi duka ƙarfi, sai dai wurinsa ƙanƙane ne: ƙwaron da ya shiga saiwa, ko wanda ya ƙi ƙarewa bayan an yi ta fama. Amma kafin a kashe ko sisi, a tabbatar da mene ne farin abun, domin abubuwa da dama suna kama da juna, kuma wasunsu ba cuta ba ne sam.

A fara da tsinke, ba da kwalba ba

A samu tsinken sakace da farar takarda, a kai tukunyar wurin haske. A tsokano farin abun a murje shi a kan takardar. Abin da ya bari shi zai faɗi sunansa.

Idan ya taso kamar zaren auduga mai ɗan danƙo, kuma da aka murje ya bar ruwa-ruwa mai launin rawaya, ruwan goro ko ja-ja mai haske, to farar kwarkwatar shuka ce, wadda ake rubutawa mealybug a takardar magani. Ita ce mai laifin a mafi yawan lokuta. Macen tana da tsawon milimita 3 zuwa 4, jikinta mai siffar ƙwai ne mai layi-layi, an barbaɗe shi da farin kaki, ba ta da fiffike kuma da kyar take motsi. Tana soka bakinta mai kama da allura a jikin shuka ta tsotse ruwan. Tarin audugar da ake gani kuwa galibi jakar ƙwai ce. Irin da ya fi yawa a tukwane, Planococcus citri, mace ɗaya kan zuba ƙwai ɗaruruwa, har zuwa wajen 600, su ƙyanƙyashe cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, kuma a lokacin zafi wata guda ya ishi 'ya'yan su girma su fara nasu. Wannan lissafin shi ne tushen duk maganar maimaita magani da za ta zo a gaba.

Wuraren da take ɓuya sanannu ne: can cikin inda ganyen alobera ya rungumi kara, tsakiyar kan shuka inda sabon ganye ke fitowa, ƙarƙashin busassun ganyayen ƙasa, bayan ganyen kariya da gindin furenta, da leɓen tukunya ta ƙasa. Alamu biyu na rakiyarta. Na farko darɓa, wannan danƙon mai zaƙi da manoma suka sani a ganyen dawa, wanda daga baya baƙar funfuna ke hawa kansa ganye ya yi kamar an shafa masa kunkunniya. Na biyu tururuwa ko kiyashi suna hawa suna sauka a jikin shukar. Darɓar suke sha, a madadin haka suna korar ƙwarin da ke cin kwarkwatar, har su ɗauki 'ya'yanta su kai wata tukunya. Sabon ganye da ya fito a murɗe ko a tauye shi ma shaida ne cewa suna can cikin tsakiya.

Idan a jikin kaktus mai faffaɗan kunne ne, wato Opuntia, kuma da aka murje ya ba da ja wur kamar jini, wannan ɗan'uwanta ne, Dactylopius, ƙwaron da ake samun jan rini daga gare shi tun zamanin da a Meziko. Maganinsu ɗaya, sai dai a wannan ruwa mai ƙarfi daga tiyo yana wanke mafi yawansu. Idan kuma ƙananan faifai ne farare masu tauri, manne da fata kamar ɓawon kifi, sai an kankare da farce suke ɓallewa, to ƙwaro mai ɓawo ne. Shi sifirit kaɗai ba ya ratsa shi sosai, sai an haɗa da tsohon buroshin haƙori.

Yanzu ga waɗanda ba ƙwari ba, kuma a nan ake yawan ɓarna. Tsirran ado masu kaurin ganye irin su Echeveria, Graptopetalum, Pachyphytum da wasu irin Kalanchoe suna da wani farin gari mai laushi, shimfiɗe daidai wa daida a kan ganye duka, wanda ke ba su launin toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Kaki ne da shukar ke yi wa kanta don kare ganye daga rana da riƙe ruwa. Ba ya taruwa wuri ɗaya, ba shi da zare, kuma idan yatsa ya taɓa shi sai ya bar shaida. Wurin da aka goge ba ya dawowa, sai dai sabon ganye ya fito da nasa. Haka ulun da ke gindin ƙayar kaktus, da wanda ke tsakanin ƙulle-ƙullen kaktus ɗin Mammillaria, da gashin ganyen Kalanchoe tomentosa: duk halitta ce. Hanyar ganewa ita ce tsari. Abin da ya fito a kowane gindin ƙaya iri ɗaya, na shukar ne. Abin da ya taru a nan ya bar can, baƙo ne.

Ƙananan ɗigo-ɗigo farare masu ƙaiƙayi kamar gishiri a kan ganyen shukar ado Crassula ovata, gishirin ne kuwa. Shukar ke fitar da shi ta ƙofofin ganye idan ana ba ta ruwan burtsatse mai nauyi ko taki ya yi yawa, kuma tsumma mai laima na ɗauke shi. Ƙurar hunturu ma haka. A jikin ƙerana, tinya da aguwa, farin tabo a wurin da aka karce yawanci busasshen nonon shukar ne. Kada a taɓa shi da hannu tsirara, kuma a kiyaye ido ƙwarai, domin nonon waɗannan yana ƙona fata yana iya lahanta gani. Ruwan kariya ma dafi ne, da shi wasu al'ummomi ke shafa kibiya, don haka a sa safar hannu kafin a yanke ta.

Saura funfuna iri biyu. Farar funfunar da ke shimfiɗa a saman ƙasar tukunya ba shukar take ci ba, ruɓaɓɓen taki take ci, kuma saƙonta shi ne ƙasar ta cika jiƙa. A kwashe saman, a rage ruwa. Ɗayar ita ce mai hawa ganye, kamar an barbaɗa garin fulawa a da'ira-da'ira, ba danƙo ba ƙwaro, daga baya wurin ya koma ruwan ƙasa ya yi ɓawo. Ta fi kama Kalanchoe da Crassula. Ita cuta ce, amma sifirit da Confidor ba su ne maganinta ba, nata maganin zai zo a gaba.

Sifirit

Abin da ake nema shi ne mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, na isopropyl ko na ethanol, fari tas marar launi da turare. A karanta jikin kwalbar, domin abin da ake kira sifirit a kemis ba ƙarfinsa ɗaya ba. Idan kashi 95 ne, a haɗa kaso 3 da kaso 1 na ruwa mai tsabta, misali mililita 75 da mililita 25. Idan kashi 99 ne, kaso 7 da kaso 3 na ruwa. Mutane kan ɗauka mai ƙarfin ya fi, alhali yana bushewa kafin ya gama jiƙa ƙwaron, kuma ya fi saurin ƙona ganye. Man tsabtace hannu mai kauri ba zai maye gurbinsa ba, domin yana da gilisarin da turare da ke manne wa ganye su tara ƙura.

Dalilin da ya sa ya dace da wannan ƙwaro shi ne kakin jikinta. Ruwa, har da mafi yawan maganin da aka dama da ruwa, zamewa yake a kan kakin. Sifirit kuwa narkar da shi yake, ya isa fatar, ya busar da ita nan take. Ana ganin aikin da ido: farin ya ɓace, ƙwaron ya koma ruwan ƙasa ko ja-ja cikin daƙiƙu. Sannan ya tashi cikin mintuna bai bar komai a ganye ba. Ga mai alobera da ake shafawa a fata ko a gashi, wannan kaɗai ya isa dalilin fifita shi.

Wannan alherin nasa shi ne kuma rauninsa. Abin da ya taɓa kawai yake kashewa. Ƙwan da ke can tsakiyar jaka, da jaririyar da ta maƙale a tsagin da feshi bai kai ba, za su tsira, kuma bayan awa ɗaya babu sauran magani a jikin shukar da zai tare su. Duk wanda ya ce sifirit bai yi masa aiki ba, idan aka bincika, sau ɗaya ko biyu ya yi ya daina.

Ga yadda ake yi. A ware tukunyar daga sauran, nesa yadda ganye ba zai taɓa ganye ba, a kuma duba maƙwabtanta ɗaya bayan ɗaya. A cire duk busassun ganyayen ƙasa da duk reshen da ya cika da su har ba ya ceto, a ƙulle a leda a jefar, kada a zuba a gindin wata shuka. A tsoma tsinken auduga na goge kunne a sifirit, a danna a kan kowane farin tari, a kuma ɗebe shi gaba ɗaya. Cire jakar ƙwai da hannu ya fi kowane feshi amfani. Inda audugar ba ta shiga, kamar gindin ganyen alobera, a yi amfani da ƙaramin buroshin zane, ko a ɗiga da sirinji marar allura, ɗigo biyu ko uku a kowane tsagi. Daga nan a zuba a kwalbar feshi a fesa sama da ƙasan ganye, da kara, da saman ƙasa, da leɓen tukunya da gindinta, har da dandamalin da take kai.

A maimaita duk bayan kwana 5 zuwa 7, aƙalla sau 4, ko da a zagaye na biyu ba a ga komai ba. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe rawaya ne, ba su kai rabin milimita ba, ba su yi kaki ba tukuna, ido ba ya kama su sai da kyamarar waya an jawo hoton kusa. A wannan matakin ne suka fi saurin mutuwa, kuma su ake farauta a zagaye na biyu zuwa na huɗu. Kada a mayar da tukunyar cikin sauran sai an yi wata guda cur ba a ga ko ɗaya ba.

Ƙonewar ganye da ake ɗora wa sifirit, yawanci laifin lokaci ne. A yi aikin da yamma bayan la'asar, a bar shukar a inuwa mai iska har washegari. Feshi da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, zai iya barin tabo ko da an sassauta shi da ruwa. Kada a fesa wa shukar da ƙishi ya sa ganyenta ya yamutse, a ba ta ruwa kwana biyu kafin nan. Kowace sabuwar shuka a gwada a ganye ɗaya a jira kwana 2. Alobera, kaktus da tsirran ado irin su Haworthia da Sansevieria suna jure kashi 70 lafiya. Ganyen kariya da furenta, da Kalanchoe masu siririn ganye, sun fi son a sassauta: kaso 1 na sifirit da kaso 2 na ruwa don feshi, a bar mai ƙarfin ga tsinken auduga. Masu farin gari irin su Echeveria, a fesa musu daga nesa kaɗan a bar shi ya bushe da kansa. Gugar ita ke kwashe garin fiye da sifirit ɗin, don haka tsinken auduga ya tsaya a kan ƙwaron kawai. Idan ruwa ya taru a tsakiyar kan shuka, a karkata tukunyar ya zube. Kuma sifirit na kama wuta, a nisanta shi da murhu, risho da maganin sauro na kunnawa.

Duk wannan aikin banza ne idan tururuwa na nan. A bi layinsu a gano inda suke fitowa. A ɗora tukunyar a kan bulo a cikin faranti mai ruwa, yadda gindin tukunyar ba ya taɓa ruwan, a riƙa canja ruwan duk kwana biyu ko uku saboda sauro. Idan sun yi gida a cikin tukunyar kanta, sai canjin ƙasa.

Man darbejiya

A ƙasar da darbejiya ke kowace ƙofar gida, ba abin mamaki ba ne a fara tunaninta. Sinadarin da ke aiki a cikinta, azadiraktin, ya fi yawa a ƙwayar 'ya'yan. Ba ya kashewa nan take. Yana hana ƙwaro ci, yana kuma hana 'ya'ya saɓa fata su girma, shi kuma man yana toshe musu hanyar numfashi. Saboda haka a kan jarirai yake da tasiri. Babbar mace mai cikakken kaki da jakar ƙwanta, sau da yawa ko a jikinsu.

Matsala ta farko ita ce ingancin abin da ke cikin kwalbar. Wanda aka tatsa ba tare da an dafa ba, mai launin ruwan ƙasa-ƙasa ko kore-kore, mai wari kamar tafarnuwa da gyaɗa, mai daskarewa da sanyin hunturu, shi ne mai azadiraktin. Wanda ya yi fari tas ba wari, ko wanda aka yi don gashi aka sa masa turare, an tace shi ko an gauraya shi da wani mai. Kwalbar da ta daɗe a rana a kan tebur ma ta yi asarar ƙarfinta, domin haske da zafi na lalata sinadarin. A zaɓi kwalba mai duhu.

Ma'auni: mililita 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a lita 1 ta ruwa mai ɗumi-ɗumi, da mililita 1 zuwa 2 na sabulun ruwa marar turare. A fara dama man da sabulun har su zama kamar madara kafin a ƙara ruwan, in ba haka ba man zai taso sama, feshin farko ya zama ruwa zalla, na ƙarshe ya zama mai zalla wanda ke ƙona ganye. A riƙa girgiza kwalbar ana fesawa. A yi amfani da shi a ranar, kada a ajiye ragowa. Omo da sauran garin wanki ba sabulun wannan aikin ba ne, suna cinye fatar ganye. Wanda ba shi da man zai iya daka busasshiyar ƙwayar darbejiya giram 50, ya jiƙa a lita 1 ta ruwa ya kwana, ya tace da ƙyalle mai laushi. Wannan ba shi da maiƙo sosai, ya fi sauƙi a kan ganye.

Inda muke rage masa maki shi ne nan. Mai yana narkar da farin garin Echeveria da ire-irenta, ya bar su da tabon maiƙo da ba ya gyaruwa sai ganyen ya tsufa ya faɗi, abin da kan ɗauki shekara ko fiye. Kaktus masu launin shuɗi ma haka. Ba kamar sifirit ba, yana zama a kan ganye kwanaki, don haka haɗarin ƙonewa a rana ba na dare ɗaya ba ne: sai an ajiye shukar a inuwa kwana 2 zuwa 3, kuma idan zafi ya wuce digiri 30 gara a haƙura. A hunturu ƙura na manne masa. A kan kariya, alobera ta ado da Sansevieria, masu ganye mai santsi, yana da kyau a matsayin mai biyo bayan sifirit: a share da sifirit yau, a fesa darbejiya bayan kwana biyu, a maimaita duk mako. A matsayin magani shi kaɗai ga shukar da ta riga ta cika da fari, ba ma ba da shawararsa.

Idan matsalar a ƙarƙashin ƙasa take

Akwai shukar da za ta daina girma, ganye ya yi laushi ya koɗe, a ba ta ruwa ba ta farfaɗo ba, a duba sama ba a ga komai ba. A zare ta daga tukunya. Idan jikin tukunyar ta ciki da saiwoyi suna da farin shafe-shafe mai ɗan shuɗi, da ƙananan ƙwari kamar gutsuren shinkafa masu milimita 1 zuwa 2, to kwarkwatar saiwa ce, dangin Rhizoecus. Busasshiyar ƙasa take so, wato daidai irin wadda ake ajiye kaktus a ciki, kuma tana bin ruwan da ya fito ta gindin tukunya ta shiga ta kusa. Shi ya sa faranti ɗaya ga tukwane da yawa kuskure ne.

A zubar da ƙasar duka. A wanke saiwar a ƙarƙashin famfo, a yanke matattu, a fesa sifirit, ko a tsoma saiwar kaɗai a ruwa mai zafin digiri 46 zuwa 49 na minti 10. Wannan sai da ma'aunin zafi, kada a yi shi da ƙiyasin hannu, domin tazarar da ke tsakanin kashe ƙwaro da dafa saiwa 'yar kaɗan ce. A shanya shukar a inuwa kwana 3 zuwa 5. A wanke tukunyar da bilic, kaso 1 a kaso 9 na ruwa, a ɗauraye sosai. Tukunyar ƙasa tana da ƙofofi, gara a jiƙa ta awa guda a shanya a rana. Sabuwar ƙasa ta zama rabi yashin rafi mai gwari-gwari da ƙananan tsakuwa, rabi ƙasa mai ɗan ruɓaɓɓen taki, a ƙara gutsuren gawayi. Kada a ba da ruwa sai bayan mako guda.

A nan ne Confidor ke da hujja. Shi shuka ke sha ta saiwa ya bi ruwan jikinta, duk ƙwaron da ya tsotsa ya mutu, ko yana can inda feshi ba zai kai ba. Zuba shi ake yi a ƙasa, ba fesawa ba. Takardar kwalba ita ce alƙali a kan ma'auni, domin ƙarfinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ga mai lamba 200 SL a jikin kwalba, abin da ake magana a kai bai wuce rabin mililita zuwa mililita 1 a lita ba, adadin da sai sirinji ke auna shi daidai, murfin kwalba ba zai yi ba. A ɗan jiƙa ƙasar kwana ɗaya kafin nan, a zuba har ya fara ɗiga ta ƙasa, a tari abin da ya ɗiga kada ya bi kwata. Yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin a ga sakamako, kuma sai shukar tana cikin girma take jan sa. Kariyar da ta zubar da ganye ta kwanta a hunturu ba za ta sha ba, zuba mata asara ce da jawo ruɓa.

Iyakokinsa masu nauyi ne. Kada a kusantar da shi ga aloberar da ake sha ko ake shafawa, domin maganin na cikin ruwan ganyen ne, wanki ba ya fitar da shi. Yana shiga fure ya kashe ƙudan zuma, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili a 2018. Idan an zuba wa kariya ko Kalanchoe, a riƙa cire furen na tsawon watanni. Ba ya kashe jan gizo-gizon ganye, wasu mitsi-mitsin ƙwari masu tsotsar ganye, har yakan sa su ƙaru. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji wanda aka ɗura a kwalbar da ba tasa ba, a sa safar hannu, a ajiye inda yara ba sa kaiwa.

Akwai wani dalilin kuma na rage hannu da magani mai ƙarfi. Lokacin da kwarkwatar rogo ta shigo Afirka daga Kudancin Amurka a shekarun 1970 ta yi ta cinye gonaki, ba feshi ne ya kawo ƙarshenta ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ƙarƙashin aikin masanin ƙwari Hans Herren, ta kawo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga Faraguwai aka fara sakinsa a Najeriya a 1981, shi ya karya lagonta. Ta tukunya ba irin ta rogo ba ce, amma ita ma tana da maƙiya a tsakar gida. Idan aka ga wasu daga cikin ƙwarin sun kumbura sun yi tauri ruwan ƙasa, wasu da 'yar ƙofa a baya, zanzaro ne ya yi ƙwai a cikinsu, a bar waɗannan. Wannan ma na daga dalilan da suka sa shukar da ke waje tana shan iska da ruwan sama ba ta cika kamuwa kamar wadda ke lungun baranda ko cikin falo ba.

Sniper, ota-fiya-fiya da maganin sauro na gwangwani ba su da wuri a wannan aikin. Suna ƙona ganye mai kauri, kuma haɗarinsu ga mutanen gida ya fi ƙarfin abin da ake son ceto. Maganin ƙwari na Malathion ma an san yana lahanta Crassula da danginta.

Farar funfunar ganye kuwa, wadda ta fi fitowa a wurare masu sanyi-sanyi irin Jos da kuma ƙarshen damina inda tukwane suka cunkushe iska ba ta ratsawa, ta fi buƙatar almakashi da sarari fiye da kwalba. A cire ganyen da ya kamu, a buɗe tazara, a daina jiƙa ganye da dare. Idan ta ci gaba, a fesa bekin soda ƙaramin cokali 1 a lita 1 da ɗigon sabulu biyu ko uku, duk mako, a rufe saman ƙasar da leda kada gishirinsa ya taru a ciki. Kanwa ba madadinsa ba ce, ta fi shi kaifi kuma ba a san ƙarfin kowane dunƙule ba. Garin farar wuta na gona ya fi soda aiki, amma kada a sa shi idan zafi ya haura digiri 30, kuma a bar aƙalla mako 2 tsakaninsa da man darbejiya, domin haɗuwarsu a kan ganye ƙuna ce tabbas.

Idan kwarkwatar na dawowa duk bayan 'yan watanni, a duba taki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan yuriya da NPK mai yawa ne ke tsaga shi: suna sa ganye ya fito da laushi cike da ruwa, ƙwaron ya ƙara yawan ƙwai. Waɗannan tsirrai kwata ko rabin abin da aka rubuta a jikin taki ya ishe su, sau ɗaya ko biyu a damina. Ɗaya ƙofar kuma sabuwar tukunya ce daga wurin masu sayar da furanni. A zare ta a duba saiwar tun ranar da ta shigo gida, a ɗiga sifirit a gindin ganyayenta, a ajiye ta ita kaɗai mako 3 zuwa 4 kafin ta shiga cikin sauran.